Idan hitar gilashin mota ta ƙi mutuwa

Siraran layukan nan ja-ja da ke kwance a gilashin baya na yawancin motocin Beljiyom hita ce. Wuta ke bi ta cikinsu, gilashi ya ɗumama, tururin da ya rufe shi ya baje. A shagon wayarin irin namu nan Kaduna, damina ce ke kawo aikinta, musamman Agusta, lokacin da direbobi ke tunawa da makunninta. Sai dai ba kasafai mai mota ke cewa hita ta ƙi mutuwa ba. Cewa yake batir na sauka cikin dare, ya sayi sabo, shi ma ya sauka.

Dole ya sauka. Hitar na jan wuta kamar amfiya 15 zuwa 20, batirin ƙaramar mota kuma abin da yake ajiyewa bai wuce amfiya-awa 60 zuwa 75 ba, awa biyu ko uku sun isa mota ta kasa tashi. Shi ya sa kamfani ya sa mata lokaci, ta kashe kanta bayan minti 10 zuwa 15.

Taɓa gilashi da hannu ba gwaji ba ne a ranar Kaduna. A zare makulli, a ɗora mita ko fitilar gwaji kan ɗan ƙarfen da waya ke shiga a gefen gilashin. In aka ga volt 12, to wuta na zuwa ba da izini ba, kuma wuri uku ne za ta fito: riley (ƙaramin makunnin lantarki da ke sakar wa hita wuta), ɓangaren da ke ba riley umarni, ko wayar kanta.

Da riley ake farawa, don shi ya fi lalacewa, shi ya fi araha. Yana cikin akwatin fiyus, zanensa na jikin murfi. A cire shi a sake aunawa. Wuta ta ɗauke? A auna ƙafafunsa masu lamba 30 da 87 yana hannu. Bai kamata su haɗu ba. In mita ta yi ƙara, bakin da ke ciki ya narke ya manne saboda tartsatsin da yake sha duk lokacin da ya buɗe. A motoci da yawa ƙafa ta 30 daga batir take shan wuta kai tsaye, shi ya sa zare makulli ba ya kashe ta. Wata alama: fitilar makunni a mace, gilashi kuma na zafi. Wasu kan ƙwanƙwasa riley da bayan sukundireba ya saki, su karɓi kuɗi. Ban yarda da wannan ba, domin bakin da ya manne sau ɗaya zai sake. A sayi wani mai amfiya daidai da na asali, 30 ko 40, ko da na hannu ne daga kasuwar Panteka, amma a gwada shi kafin a biya. Tsakanin ƙafa ta 85 da ta 86 ya nuna kamar om 60 zuwa 100.

In riley lafiya yake, to wani ke riƙe shi a kunne. A zare soket ɗin bayan makunni. Ya saki, makunni ne, sau da yawa ƙurar hunturu ce ko lemo da ya zube ya maƙale maɓallin. Bai saki ba, sai a duba allon AC ko birenbos, wato kwamfutar mota, inda lokacin yake a sababbin motoci. Kada a yi saurin yanke wa birenbos hukunci. Wayar da ke tsakaninta da riley in ta goge ta taɓa bodi, haka za ta yi.

Mafi cin rai shi ne a cire riley wuta ba ta ɗauke ba. A motocin da gilashinsu ke jikin ƙofar but, irin Sienna da Golf, a buɗe robar da wayoyi ke bi wajen hinji. Buɗewa da rufewa na fasa rigar waya har ta haɗu da ta kusa da ita. A kuma bi sawun duk inda aka yi jonin tiraka, jiniya ko amfilifaya. Gyaran nan da dalma ake yi, a rufe da robar da zafi ke tsukewa, ba murɗawa da salatif ba.

Gilashin gaba kuwa yawanci iska ce ke busa shi. In ta ƙi barin saman dashbod, ƙaramin motan da ke juya ƙofar iska ya tsaya. A tsofaffin motoci masu tiyon zuƙar iska, tiyon ne ya tsage, tsarin ya koma gilashi da kansa. A wannan saitin kwamfireso na aiki ko ba a danna AC ba, mai na tafiya.

Wanda dare ya yi masa ya cire fiyus ɗin hitar ya ceci batir, amma ya duba murfi tukuna, don a wasu motoci fiyus ɗaya suke sha da hitar madubin gefe. Bayan gyara a rufe mota, a jira kamar rabin awa, a auna abin da take ja daga batir. Kada ya wuce miliamfiya 50.