Laraba: kalmar da ta hana ni cin abincin rana

Tun safe nake fassarar wata takarda kan tsarin birane, sai wajen ƙarfe 11 na ci karo da "conurbate". Na ɗauka kuskuren bugu ne. Ƙaramin ƙamus ɗina bai san da ita ba, sai da na shiga intanet. Ashe fi'ili ne, ma'anarsa garuruwan da ke maƙwabtaka su yi ta faɗaɗa har su haɗe, a rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Abin da ya riƙe ni har shinkafata ta huce shi ne yadda aka haifi kalmar. Sunan ne ya riga fi'ilin zuwa duniya. Wani ɗan Sikotilan, Patrick Geddes, masanin tsirrai da ya koma tsara birane, shi ya ƙirƙiri "conurbation" a littafinsa Cities in Evolution na 1915. Ya ɗauko "con" na Latin, wato tare, ya liƙa wa "urbs", wato birni. Yana kallon yadda Landan da garuruwan masana'antu na yankin Lankasha a Ingila ke malala suna shiga juna, ga shi babu sunan kiran abin. Daga baya aka gutsure wutsiyar sunan aka sami fi'ili, kamar yadda suka ciro "edit" daga "editor". Sai dai fi'ilin "conurbate" bai yi farin jini ba, ko Turawan ba su cika furta shi ba.

Na rubuta "haɗewa", na goge. Na sa "cuɗanya", ita ma ba ta zauna ba.

Da la'asar na kai wa Baba maganinsa, na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, "Yo wannan ai ba sai Bature ba. Lokacin da muke samari, in ka bar Kano za ka Kumbotso gonaki kake ratsawa. Yanzu fa? Gari ya cinye su."

Na yi shiru. Kalmar Geddes tana nuna kamar garuruwan da yardarsu suka rungumi juna, ta Baba kuwa ta faɗi wanda ya ci da wanda aka cinye. A adaidaita ina dawowa na yi ta leƙen hanya ko zan ga gona ɗaya, sai shaguna da bulo.

A takardar dai "haɗewa" na bari, don mai aikin ba zai so "cinyewa" ba. Gobe zan miƙa.