Godiya bayan fitowarmu daga asibitin Komfo Anokye na Kumasi

Alhamdu lillahi. Jiya da la'asar muka iso gida Aboabo, auta yana barci a bayana. Labarin gyaɗar da ta faɗa masa hanyar numfashi kun riga kun sha shi, ni ma bakina ya gaji da maimaitawa.

Abin da ya ƙi barin raina shi ne bayan an ciro ta. An ce aiki ya yi kyau, amma shiru ba a fito da yaro ba. Ina zaune a benci bakin ƙofar tiyata, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, sai likitar sa barci ta fito da hularta a kai, ta tsuguna gabana. Ta ce sun ba shi rocuronium, maganin da ke kwantar da tsokar jiki gaba ɗaya, don kada ya motsa ko ya yi tari alhali ƙarfen ciro gyaɗar na cikin maƙogwaronsa. Har tsokar numfashi yake kwantarwa, shi ya sa na'ura ke yi masa numfashin. Yanzu sun bi shi da neostigmine don ƙarfinsa ya dawo, haɗe da atropine saboda kada bugun zuciya ya yi ƙasa.

Sai ta kama wuyan hannuna, ta nuna min inda suke manna 'yan wayoyi. Suna tura ɗan lantarki sau 4, suna kallon babban yatsa. Sai ya motsa sau 4 ɗin, na ƙarshe da ƙarfi kamar na farko, sannan su yarda su bar shi ya ja iska da kansa. Ta koma ciki. Ni kuwa na ƙura wa nawa yatsan ido ina ta Ya Hayyu Ya Ƙayyumu, har kukansa ya fito ta ƙofar, murya a dishe.

Likita, Allah ya ji ƙan mahaifanki, ya raya miki naki. Na san Maman 'yan biyu ba ta son a ambace ta, amma ita ta bar kokonta a kan wuta ta tare mana tasi. Kawu da ya biya kuɗin magani bai jira an roƙe shi ba, Allah ya buɗa masa ta inda bai zata ba. Malaman makarantar allonmu da suka kwana suna addu'a, Allah ya saka da Aljanna.

'Yan uwanmu na Nima can Accra, na san hanya da nisa. Waya dai ba ta da nisa.

Masu zuwa dubiya, ku bari sai bayan Juma'a, har yanzu yana ɗan tari. Kuma don Allah kada a zo masa da gyaɗa.