Abin da aikin rajista ya koya mini bayan zuwan kwamfuta

Danna kwamfuta shi ne mafi sauƙi cikin abin da sabon tsari ya ɗora mana a bironmu na rajistar takardun mutane a Maradi. Ɗan horo kaɗan, hannu ya saba. Abin da ya ci lokaci shi ne gane cewa na'ura ba ta san kowa ba.

Zamanin babban littafi, in mutum ya zo da takardu biyu, ɗaya ta ce Mahamadou ɗaya Mahaman, tsohon ma'aikaci zai dube shi ya ce, "Ai ɗan Malam ne na unguwar Zariya," magana ta ƙare. Kwamfuta kuwa mutum biyu take gani. Harafi guda ya isa ya tsayar da yaro lokacin rajistar jarrabawar BEPC, ko ya hana dattijo fasfon aikin Hajji, gyaran kuma yakan kai har kotu. Ga iyayenmu da takardunsu ke cewa an haife su wajen 1960, babu rana babu wata, gurbin na'ura kuma sai an cika shi. In kowane ma'aikaci ya cika yadda ya ga dama, rajistar ta lalace. Don haka kafin in ajiye komai nakan karanta wa mai shi da ƙarfi: "Baba, ga sunanku, ga na mahaifinku, haka yake?" Layi yana tsawo, ana guna-guni, na yarda.

Riƙon sirri ya fi ba mu wuya, don a Maradi kusan kowa ɗan'uwan kowa ne. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, ga hukumar HAPDP mai sa ido kan kare bayanan, amma har yanzu za ka ga an ara wa abokin aiki lambar sirri saboda kunya, ko an tura hoton katin wani ta WhatsApp. Duk abin da aka shigar da lambarka, kai za a tambaya.

Yanke wutar da Najeriya ta yi mana a Agustan 2023 ya koya mana ajiye kwafi da ci gaba a takarda har kuran da rezo su dawo.

Sai harshe. A 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, allon kuwa Faransanci yake yi. Tsohuwar da ta taso daga Madarunfa ba ta san me ake nufi da lambar dosiye ba, kuma horon da muka samu bai taɓo yadda za a bayyana mata ba. Ni dai nakan rubuta lambar da manyan baƙi, in ce, "Inna, ku riƙe wannan da kyau, da ita za a gano takardarku ko ba na nan."