Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Gonar Baffa

Makon jiya na tsaya a ranar da na yi rantsuwar avoka, wato lauya, a Yamai, wasu kuma sun matsa in shiga shekarun tazarce. Za mu je can in Allah ya yarda. Yau gonar Baffa ce ta hana ni barci, don shekaranjiya aka turo mini muryar ɗansa, wanda kuka sani, yana faɗa a wurin suna wai na sayar da gidanmu na sayi kujera. Sama da shekara goma ke nan yana wannan waƙa.

Baffa bai taɓa son karatuna ba. A 1990, bayan abin da ya faru a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu, da aka harbi ɗalibai, Inna ta aiko in dawo gida ko da ƙafa ne. Na iske shi gindin gawo yana gyaran ƙotar kalme. Ya ce, "Kai, wai mi kake karantawa can da har ake halbinku?" Na ce doka, Baffa, zan riƙa tsaya wa mutane gaban alƙali. Bai ko ɗago ba ya ce, "Mai magana da bakin wani, ran tashi shiru shika yi." Dariya na yi. Yaro ne ni, ina ganin duniya takarda ce.

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani labari: baƙar riga, haya, aure, haihuwa, shari'un gado da na fili. Sai zaɓen 11 ga Janairu 2011, karon farko da aka zaɓi majalisun jihohi a ƙasar nan, bayan sojojin Salu Jibo sun sauke Tanja. Jam'iyyarmu na neman mai takarda a jerin sunayenta na Tawa, aka tuna da ni. Na bar ofis a hannun yarona, na bi ƙauyukan Adar da goro da sukari, na ci.

A garinmu an ɗauka gwamna na zama. Na gaji da bayani cewa gwamna daga Yamai ake naɗo shi, mu konseye ne, mu ke zaɓen shugaban majalisa a cikinmu, muna haɗuwa sau ƴan kaɗan a shekara, ba albashi sai kuɗin zama. Wa zai ji? Wannan rijiya, wancan ɗansa na kaso a Konni, wata mijinta ya yi shekara shida a Abijan ba aike, a raba auren. Duk "Metir" ne, yadda ake kiran avoka. Baffa kaɗai ke kirana da sunan da Kaka ta sa mini, gaban kowa.

To, ga maganar gonar. Burtali ya bi ta gabas da garinmu, nan shanu ke haurawa arewa wajen Abalak in damina ta faɗi, su sauko bayan an saki gonaki. Tun yunwar 1984 Baffa ya fara cin bakinsa, bana kunya biyu, baɗi uku. Ba shi kaɗai ba, amma tasa ta fi shiga. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, ta makiyaya ta 2010 kuma ta ƙara jaddada cewa burtali na kowa ne, ba mai mallakarsa. Na san su kamar yunwar cikina. Da ta 1993 na taɓa ci wa wasu Fulani shari'a, har aka kawo mini ɗan maraƙi Yamai, na rasa inda zan ɗaure shi. A majalisa ma ni na fi kowa ɗaga murya a kan a kafa turakun siminti a burtalai kafin a sake zubar da jini.

Da ƴan kwamiti suka zo suka auna, kusan rabin gonar Baffa ta faɗa ciki, kuma ɓangaren fadamar, inda dawa ke yi ko ruwa ya yi gardama. Aka taru ƙofar mai gari. Ga limam, ga ardo da mutanensa, ga ni an ba ni kujerar roba alhali Baffa na kan tabarma. Wannan kujera har yau tana yi mini ciwo. Aka karanta, aka fassara. Mai gari ya ce, "Metir, ko akwai magana?" Baffa ya juyo ya dube ni.

Ban ce komai ba. Na san ƙofofin da avoka ke bi: a ce ba a sanar da mai gona kan lokaci ba, a nemi sake awo, a ja abin damina uku. Na yi wa baƙi haka don kuɗi. Shekaru ina gaya wa kaina doka ce ta kama bakina. Yanzu da furfura ta cika kai zan faɗa: da doka, da kuma idon ardo, wanda rugagensa suka jefa mana ƙuri'a, da tsoron a ce a Tawa mai wa'azin burtali ya kare ɓarnar gidansu. Wanne ya fi nauyi, Allah ya sani.

Baffa ya tashi ya kaɗe rigarsa. Bai maimaita maganarsa ta gindin gawo ba, ni na maimaita wa kaina ita a mota har Tawa. Ran tashi shiru shika yi.

Shi kuwa mai cewa na sayar da gida, ina yake ranar? Yana Abijan, shekara goma sha ba ko jika ɗaya ta kuɗi zuwa ga tsohon. Da ciwo ya kwantar da Baffa, wa ya kai shi asibitin Galmi, wa ya kwana a ƙasa sati biyu? Ba gori nake ba, amma tunda an kai maganar wurin suna, a kai wannan ma. Kujerar da ake faɗa, wa'adin shekara biyar ne aka yi ta ɗagawa har Disamba 2020, ban sake tsayawa ba, a Afrilun 2024 kuma sojoji suka rushe majalisun gaba ɗaya. Abin da na fito da shi ciwon baya ne da tsohuwar mota.

A Galmi Baffa bai ɗauko zancen gona ba ko sau ɗaya. Na so ya ɗauko, ko zagi ne. Fura kawai yake nema, da a juya shi gabas.

Da na je gida sallar layya na zaga wajen. Turakun na nan, sai ɗaya da ya faɗi, kuma na ga karan dawa har kunya huɗu bayansa. Mai turo mini murya, ka gaya wa ɗan Baffa na ƙirga.