Wasiƙa daga ƙasar dankalin Turawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na Kano. Ina gaishe ku daga Dablin, babban birnin Ayilan, inda rana ke leƙowa kamar mai jin kunyar surukai.

Dankalin nan da 'yan kasuwar Yankaba ke kira Arish, wanda ake lodowa daga Jos, sunan mutanen ƙasar nan ya ɗauka. Amma ba nasu ba ne, daga tsaunukan Kudancin Amurka aka kawo shi, nahiyar da rogonmu ma ya fito. Sai dai sun riƙe shi riƙon tuwo, safe da dare. A 1845 wata cuta ta faɗa wa gonaki, dankali ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa. Talaka ba shi da wani abinci, kuma kusan iri ɗaya kowa ya shuka, don haka cutar ba ta bar na kowa ba. Cikin 'yan shekaru mutum kusan miliyan 1 suka mutu saboda yunwa da cututtuka, wasu kamar haka suka tsallaka teku. A bakin kogin Liffey, a nan Dablin, akwai gumakan mutane ramammu da aka kafa don tunawa da su. Ranar da na fara gani, kasa cin abincin dare na yi.

A wurin ne rizga ta faɗo mini a rai. Muna yara, in kaka ta yi, 'yan talla na zagaya unguwa da dafaffiyar rizga da tumuku, ga makani, ga rogo da garin ƙuli mai yaji. Zuwana gida na ƙarshe na tambayi yaran gidanmu tumuku, suka kalle ni kamar na yi wani yare. Alhali a littattafan masana tsirrai da sunan Hausawa ake kiran tumuku, wato dankalin Hausa! Mu kuwa mun mai da shi abincin ƙauye, wanda ya waye sai soyayyen Arish da ƙwai.

Ban ce a daina ci ba, ni ma ina ci, dole ma. Amma a nan sai na hau mota zuwa shagon 'yan Afirka kafin in ga rogo, shi ma daskararre cikin leda, ba ƙamshi ba gari.

Don Allah duk wanda ya shiga Yankaba ko kasuwar Rimi bana ya duba mini ko ana kasa rizga har yanzu, ya tambayi mai ita daga wane gari ta zo. A gaida Hajiya da yara.