Masu shirin tafiya Niyu Zilan, ku koyi gaisuwar Maori tun daga gida

Ƙannena masu neman karatu ko aiki a Niyu Zilan, dan Allah kar ku ɗauki gaisuwar Maori, 'yan asalin ƙasar, abin wasa, mutanen nan sun sha wuya a kanta. A 1984 wata ma'aikaciyar tarho, Naida Glavish, sai da aka nemi hukunta ta don tana amsa waya da kia ora, magana ta kai har gaban firaminista Muldoon, kuma sai 1987 harshen ya zama na hukuma.

Kia ora ɗin ba wuya, sannu ce kuma na gode ce. Inda ni na yi ta kwafsawa wajen gaida manya ne. Da tarbiyyar gida na je, babba ba a ce masa kai sai ku, shi ya sa duk dattijon da na gamu da shi sai in ce tēnā koutou ina ganin ladabi nake, ashe su yawan mutane kawai suke dubawa, tēnā koe mutum ɗaya ko da shi ne babban gari, tēnā kōrua mutum biyu, tēnā koutou uku zuwa sama. Girmamawar a wajen kira take, tsoho ka ce tēnā koe e koro, tsohuwa e kui. Na daɗe a haka suna min kawaici, ni kuma ban tambaya ba. Ku ku tambaya.

Sallama ma juya ta na riƙa yi. Haere rā mai zama ke faɗa wa mai tafiya, in kai ne za ka tashi e noho rā za ka ce. In ka rikice ka kite anō ta isa, sai an jima kenan.

Sai hongi, haɗa hanci da ake yi in an tarbi baƙi a marae, wato dandalin taronsu na gargajiya. Wata dattijuwa ta matso ni kuma na ja da baya ban ce komai ba, wallahi har yau abin na damuna, don na kunyata ta a gaban mutanenta. In addini ne uzurinka ka gaya wa mai masaukinka tun kafin a jera layi, shi ya san yadda zai yi bayani.

Ku riƙe kia kaha kuma, ƙarfafa gwiwa ce ga wanda ke cikin jarrabawa. Ita aka yi ta rubutawa ana ajiyewa da furanni bayan harin masallatan Christchurch na 15 ga Maris 2019 da aka kashe mana mutum 51. Ranar da aka yi wa maƙwabcinku Maori rashi ku je ku faɗa masa ita.