Na bar ofis ɗina na gindin tsamiya

Duk wanda ya san ƙauyenmu ya san tsamiyar nan ta bayan firamare, to nan ne ofis ɗina kusan shekara guda, don nan ne kaɗai wayata ke kama 4G ta tsaya a kai bata zame ta koma E ba. A cikin gida kam sai dai ka ɗaga waya sama kana zagaya tsakar gida, har Inna ta taɓa tambayata ko aljanu nake kora.

Aikin nawa ba wani babba bane. Akwai ƴar ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo a nan yankinmu na Gumel, kawuna ne ma'ajinsu, da can komai a littafi suke rubutawa, wa ya kawo buhu nawa, nawa aka sayar a Maigatari ran Alhamis, wa ya ci bashin taki bai biya ba. Littafin ya taɓa jiƙewa da damina aka kusa dambe. Shine na haɗa musu ƴar manhaja da yaren kod na Python da tsarin gina shafuka na Django, tana zaune a wata ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet, da muke haya a Jamus, kowa ya buɗe a wayarsa ya ga lissafinsa. Rubuta manhajar bai ban wahala ba wallahi. Inda na sha wuya shine duk ranar da na gyara wani abu, yaya gyaran zai tashi daga laftof ɗina ya isa Jamus lafiya.

Da farko da hannu nake komai. In shiga sabar daga nesa ta SSH, in yi git pull in jawo sabon kod, in yi pip install in saka kayan da manhajar ke buƙata, in kashe in kunna, ina addu'a kar netwok ya ɗauke ina tsakiyar aiki. Rannan kuwa ya ɗauke, rabin kayan sun sabunta rabi basu sabunta ba, shafin ya mutu tun azahar har bayan isha'i, Kawu ya kira ni yafi sau biyar yana cewa "kai yaro abin naka ya ƙi buɗewa fa, mutane na tsaye a kaina." Ni kuma bani da amsa sai wadda kowane mai rubuta kod ya sani, wai ai a kwamfutata yana aiki. To Kawu ina ruwansa da kwamfutarka.

Daga nan na koma Docker. Ga wanda bai sani ba, tun 2013 ya fito, kuma abinda yake yi shine ya tattara manhajarka da Python ɗin da take so da duk tarkacen da ta dogara dasu ya ɗinke su a buhu ɗaya, shi ake ce wa imej, duk inda ka kai buhun nan ka kwance abu ɗaya zaka tarar. Maganar a kwamfutata yana aiki ta ƙare. Amma fa sai na sayo wata sabuwar wahala da kuɗina, domin buhun nawa na farko ya kusa giga ɗaya, kuma ni zan ɗinka shi a gida sannan in tura shi ta netwok ɗin gindin tsamiya. Ka zauna kana kallon layin nan yana tafiya a hankali kamar amalanken shanu, batirin laftof na sauka, kiyashi na hawa ƙafarka, babban ɓangaren buhun ya kusa gama tafiya sai sabis ya yi ƙif, ya koma farko. Datar da na saya ta wata sai ta ƙare a sati.

Wani mutumina da ke aiki a Kano na kai wa kuka, yayi dariya yace ga injin niƙa a bakin titi kyauta kai kana daka a turmi. GitHub Actions yake nufi. Na san GitHub a matsayin wurin ajiye kod kawai, ashe tun ƙarshen 2019 suka buɗe wa kowa wannan tsarin, ka rubuta musu jerin abinda kake so a yi duk lokacin da ka tura gyara, su ɗauko kwamfuta sabuwa fil a wajensu su yi aikin su kashe ta. Mai asusun kyauta yana da minti 2,000 duk wata in ma'ajiyar kod ɗinsa a rufe take, in a buɗe take ga kowa ma babu lissafi. Ni ko kwatan wannan ban taɓa cinyewa ba.

Abinda ya canja min rayuwa a nan ɗaya ne tak. Yanzu abinda ke fita daga wayata ƴan kilobayit ne, layukan da na gyara kawai, ko E ce tana iya kai su. Ɗinkin buhun da ɗaukarsa duk can ake yi tsakanin manyan kwamfutoci masu intanet kamar ruwan famfo, buhun bai taɓa biyowa ta Jigawa ba ma.

Fayil ɗaya ne ke riƙe da komai, na YAML, wani salon rubuta saiti, a cikin folda .github/workflows. Nawa cewa yake in an tura gyara zuwa main, babban reshen kod ɗin, a ɗauko kod ɗin, a fara gudanar da gwaje-gwaje, in sun wuce a ɗinka imej, a ajiye shi a ghcr.io, rumbun imej na GitHub, sannan a shiga sabarmu a ce mata docker compose pull, wato ta jawo sabon buhun, ta kuma tashi da shi. In gwaji ɗaya ya faɗi komai ya tsaya a nan, ka ga jan gicciye, tsohon shafin na nan yana aikinsa ba wanda ya san an yi. A faɗe kamar wasa. Amma YAML ɗin nan akwai tsirfa, baya shiri da tab ko kaɗan sai tazarar sifes, kuma in layi ya shige ciki da sifes biyu fiye da inda ya kamata ma'anar ta canja gaba ɗaya. Turawata goma sha wani abu ta farko duk ja ce.

Wanda ya fi cin raina kuwa ba YAML bane. Ƙanena da nake koya wa aikin ya taɓa wani ɗan fayil, entrypoint.sh, a kwamfutarsa mai Windows, layi ɗaya ya ƙara. Imej ya ɗinku lafiya, kore shar, amma kwantena, wato buhun in an kunna shi yana aiki, ta ƙi tashi, wai babu fayil ɗin. Na shiga na duba, ga fayil nan ina kallonsa yana kallona. Dare biyu ina wannan abu, har na fara zargin kaina. Ashe Windows harafi biyu take sakawa a ƙarshen kowane layi, CR da LF, Linux kuma LF kaɗai ta sani, to layin farko da ke cewa a yi amfani da /bin/sh sai ya zama /bin/sh da wani ɓoyayyen harafi manne a wutsiyarsa, shi ne Linux ke nema ta rasa, ba fayil ɗina ba. Maganin layi ɗaya ne a .gitattributes da ke tilasta duk fayil mai .sh ya zauna da LF. Ban yi wa yaron faɗa ba don nima da ban sani ba, amma na sa shi ya sayo min tsire.

Sauran gyare-gyaren a hankali na tsince su. Na bar cikakken imej na Python na koma slim, wanda aka rage wa tarkace, buhu ya faɗo ƙasa da mega 200. Na gwada Alpine, wani ƙaramin nau'in Linux, don ana ta yabonsa wai tushensa wajen mega 5 ne kacal, amma shi ginshiƙin da yake amfani da shi musl ne, ba glibc da yawancin Linux ke kai ba, wani kunshin da nake buƙata sai da aka tsaya harhaɗa shi daga tushe, lokaci ya ninka, na ce a kai kasuwa. Sannan tsarin layuka a Dockerfile, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a ɗinka buhu, ka fara kwafe requirements.txt, jerin kayan da manhaja ke buƙata, ka yi pip install kafin ka kwafe sauran kod, don Docker faifai-faifai yake ɗinki kuma duk faifan da bai canja ba baya sake shi. Sai dai tunda kwamfutar GitHub sabuwa ce kullum bata tuna jiya, dole ka gaya mata ta adana faifan a ma'ajinsu na wucin gadi, in ba haka ba wayonka a banza.

Abin kunya ɗaya da zan faɗa don wani ya tsira, watanni biyu fayil ɗina na .env mai ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai yana shiga cikin buhu ban sani ba, saboda na rubuta a kwafe komai kuma ban yi .dockerignore, jerin abinda kar a saka a buhu, ba. Allah ya rufa asiri ma'ajiyar a rufe take. Na canja kalmar a daren, na mayar da makullin SSH wajen Secrets, ma'ajin sirri na GitHub, sauran kuma suna zaune a sabar.

Haka ma laƙabin latest, na daina yarda dashi. Buhu goma duk an rubuta musu "sabo", ranar da na yau ya fito da tsutsa wanne ne na jiya? Yanzu kowane imej da haruffa bakwai na farkon lambar commit ɗinsa, wato lambar da kowane gyara ke samu, nake masa suna, in abu ya ɓaci in mayar da sabar kan na baya cikin minti ɗaya. Kayan da nake dogara dasu ma kowanne na ɗaure shi da lambar sigarsa. Masu JavaScript sun ga darasi a Maris 2016 lokacin da mai left-pad ya janye ɗan kod ɗinsa mai layi 11 daga npm, rumbun da suke ɗauko kunshin kod, ginin manyan manhajoji ya tsaya cak a duniya. Abinda ba naka ba kenan.

Akwai masu ce min me ya hana ka Jenkins, mai irin aikin GitHub Actions, me ya hana ka Kubernetes, mai kula da tarin kwantena. Jenkins sai ka ba shi tasa sabar ka riƙa kula da shi kamar ragon layya, mu kuma kuɗin hayar ɗaya ma sai an yi karo-karo. Kubernetes kuwa ga manhajar da manoma ƙasa da ɗari ke buɗewa, wannan ai sayen tirela ne don kai buhu biyu kasuwa.

Alhamis ɗin da ta wuce muna rumfa a Maigatari Kawu yace "ɗana, kuɗin dako fa ba ya fitowa daban a abin nan, mutane na cewa ana cin su." Wurin adana shi na nan tuntuni, a shafin ne kawai ban nuna ba. Na buɗe GitHub a waya na ƙara layi uku na tura, ɗigon ruwan ɗorawa ya fara juyawa, muka sayi fura. Kafin mai furar ta gama damawa ya zama kore. Nace Kawu sake buɗewa. Ya ciro tabarau ya duba ya duba, yace to ai gashi, amma rubutun yayi ƙanana, ka ƙara masa girma.